Igiyar Benen Su Basant

Takardun shaida uku Basant ta samu a kan haɗa kwamfutoci, kuma duk ukun uwarta, Sitt Afaf, ta sa musu firam mai ruwan zinare ta rataye a falo, saman kujerun da ba a cire wa leda sai da salla. Ko mai duba mitar gas ne ya shigo, sai an tsayar da shi ya gani. Amma shekara guda cur yarinyar tana neman aiki a birnin Mansura, amsar ba ta sauya ba: muna son mai gogewa.

"To wai a wace kasuwa ake sayar da gogewar nan?" in ji Sitt Afaf. "A faɗa mini in je in taya."

Abin da ba a rataye a falo ba shi ne igiyar benen. Tun Basant tana ajin farko a jami'a gidaje goma sha ɗaya suka haɗa kai a kan layin intanet guda. Ita ta ja wayoyin ta tagogi da bayan tankunan rufi, ita ta yanka wa kowa rabonsa don kada 'ya'yan likitan hawa na biyu su shanye na mutane da kallon ƙwallo. Ladanta farantin mahshi, wato ganyen da aka cusa wa shinkafa, da "Allah ya kawo miji nagari".

Da wani ƙaramin kamfani mai haɗa wa asibitoci kwamfutoci ya kira ta, sai ta zauna cike takardarsu. Ta zo gurbin ayyukan da ta taɓa yi, ta ce ko ta rubuta na benen.

"Kul!" in ji uwar. "Alherin maƙwabta za ki kai wa baƙo a rubuce? Gori ke nan, mai gori kuwa ya zubar da ladansa."

Basant ba ta ja ba. Ita ma a ranta aiki shi ne mai ofis da hatimi. Ta bar gurbin fari fat.

Ranar Talata da hantsi ta zauna gaban babban injiniyan kamfanin, Bashmuhandis Midhat, wani mai sanƙo da ba ya rabuwa da kofin shayi. Ya yi mata tambaya uku daga littafi, ta amsa kamar ruwa.

"Karatu akwai shi, 'yata." Ya ɗora yatsa a kan farin gurbin. "Hannu fa? Wa ya taɓa kiran ki abu ya lalace, yana ihu a kanki?"

Basant ta dafe jakarta. Wayarta kuwa tana ta zillo a cikin jaka, karo na uku ke nan. Ta san ko wace ce. Duk Talata warhaka Tant Ni'imat, dattijuwar hawa na huɗu, take ganin ɗanta Ashraf da ke Kuwait ta allon waya, kuma ba ta da wani abin da take jira a mako sai wannan.

"Ɗauka mana," in ji Midhat, "kada ya zama gobara ce."

Muryar Tant Ni'imat ba ta buƙatar lasifika, kuma da sunan shagwaɓa take kiran Basant. "Basbusa! Ashraf ya daskare! Ga shi nan baki buɗe kamar kifin kasuwa!"

"Tant, ina wajen neman aiki..."

"Aikin zai gudu ne? Yaron nan minti goma suke ba shi!"

Basant ta runtse ido. "Fitilar akwatin intanet ɗin, ta biyu daga dama, tana ƙiftawa?"

"Ta mutu murus."

"Umm Tamir ta samanku ta yi wanki yau?"

"Har da barguna, ƙazamar, sai yau ta tuna da su."

"To ta sake shanya a kan igiyar nan mai ruwan toka. Leƙa ki ce ta ɗage. Sannan ki tura kan wayar da ke bayan firji har ki ji ƙas."

Aka ji takun silifas, aka ji faɗa ta taga, sannan guɗa. Basant ta kashe wayar, kunya kamar ƙasa ta tsage.

Midhat ya ajiye kofinsa. "Gida nawa ne a kan layin?"

"Goma sha ɗaya."

"Tun yaushe?"

"Shekara biyar. Amma ba aiki ba ne, Bashmuhandis, maƙwabta ne."

"Asibitocina ma haka suke kira, sai dai su ba sa cewa Basbusa." Ya turo mata takardar da biro. "Kada ki raina takardun shaidarki, su suka sa na kira ki. Amma ni ba zan kai wa abokin aikina farin gurbi ba."

Ta daɗe riƙe da biron, maganar uwarta tana mata yawo. Sai ta ga ai gori sai da suna. Ta rubuta: gidaje goma sha ɗaya, layi ɗaya, shekara biyar. Ba ta ambaci kowa ba.

Ya ce ta zo Lahadi, gwajin wata uku.

Ta tarar Sitt Afaf har ta buga ƙusa ta huɗu a falo. "Sun ba ki takarda?"

"A'a, Mama. Aiki suka ba ni."

"Kin gani? Da da firam ɗinsu kika kai su, da ba gwaji ma."

Basant ta bar ta a haka. Ba ta faɗa wa kowa abin da ta rubuta ba, kuma ba ta buƙaci faɗa ba, don kafin la'asar Tant Ni'imat ta bi benen ƙofa ƙofa tana sanar da jama'a cewa ita ta samo wa yarinyar aiki.