Muryar Malam Bukar

Lukmanu ya tarar da ƙanwarsa Haula zaune a barandar asibiti, ƙaurin hayaƙin kifin tafkin Lagdo bai bar zanenta ba. Jaririnta Muhaimin na kwance a cinyarta, an ɗaura masa ruwa. Cikinsa ya kumbura, ƙafafunsa kamar tsinken tsire. A gefenta akwai wani gwangwani ja da fari. Lukmanu ya san gwangwanin fiye da yadda ya san yaron.

"Likita ta ce wannan ba madarar jarirai ba ce," in ji Haula. "Sukari ne da mai, na masu shayi. Ni kuwa da ruwan tafki nake dama masa."

"Wa ya ce ki daina ba shi nono?"

Ta ɗago kai. "Kai, Yaya."

* * *

Lukmanu bai gaji karatun mahaifinsu ba, murya kawai ya gada. Shekaru marigayi Malam Bukar ya yi yana tafsiri a Garwa, kowa ya san yadda yake jan bismillah. Rostand, mai kamfanin talla, shi ya fara gane kuɗin da ke cikin muryar.

"Mon frère, ɗan'uwana, ka fara da bismillah, ka ja ta irin ta tsohonka. Mutanenku ba sa musu da wannan muryar."

Ya ja ta kuwa. Ya ce wa mata a rediyo, "Uwa mai aiki, ki huta, Madarar Gagarau ta wadatar da ɗanki." Bai taɓa buɗe gwangwanin ba. In an tambaye shi sana'arsa, sai ya gyara hula ya ce wayar da kan jama'a yake yi.

* * *

"Ai talla ce, Haula. Kowa ya san talla ce."

"Ni ban sani ba. Ina gaban murhun kifi, hannuna duk ƙaya, yaro na ihu, sai na ji Baba ya yi bismillah ya ce in huta. Yaushe Baba ya taɓa yi mini ƙarya?" Ta kore ƙuda daga bakin yaron. "Yanzu nonon ya kafe. In Allah ya tashe shi, me zan ba shi? Muryarka?"

Ya fita ya kira Rostand, ya gaya masa halin da yaron ke ciki, ya ce a cire tallar yau.

"Akwai contrat, ka sa hannu, sai bayan damina. Allah ya ba petit ɗin naku lafiya. Gobe ka zo da wuri, akwai tallar maganin ƙiba."

A bakin ƙofar asibiti mai shayi na tsiyaya madarar a kofi, rediyonsa na rataye a jikin dalbejiya. Bismillah ta fito, doguwa, mai sanyi. Wata mata da goyo ta tsaya tana saurare.

Lukmanu ya matsa kusa da ita. "Baiwar Allah, kada ki ba yaronki wannan..."

Ko kallonsa ba ta yi ba, ta ɗaga masa hannu.

"Yi shiru mana. Malam na magana."