Ranar da Aka Sauko da Baba daga Bene

A ofis ana ce mata Jami'a, domin ita hukumar gari ta ɗora wa shirin ko-ta-kwana: gobara, ambaliya, rushewar gini, duk a wuyanta suke. Amma a layin da aka haife ta ba wanda ya san wata Jami'a. Auta suka sani, yarinyar da ta taɓa maƙale kanta a ƙarfen taga har sai da aka shafa mata sabulu.

Gwamnatin lardi ce ke tallafa wa ƙananan garuruwa irin nasu a wannan aiki. Ita ta tura Auta kwas, ita ta aiko da jiniya da lasifika da riguna masu ƙyalli. A bana kuwa mutum sukutum ta aiko, wani siririn mai horarwa mai gilashi wanda ba ya ɗaga murya, don ya taya su atisayen kwashe jama'a. Ya tsaya gaban taswirar da ke bangon ofis, ya ɗora yatsa a kan wani layi mai tsofaffin benaye a gefen magudanar ruwa.

"Nan za mu gwada. In ambaliya ta zo, su za ta fara gaisarwa."

Layinsu Auta ne, don haka ta yi saurin tsoma baki.

"Yallaɓai, akwai wani layin a bayan kasuwa, mutanensa akwai jin magana."

"Masu jin magana ai ba sa bukatar atisaye," in ji shi.

Haka ta bi layin gida-gida tana bayani: in jiniya ta yi kuka, kowa ya ɗauki abin da ba zai iya rayuwa ba sai da shi, ya taka zuwa zauren makaranta. Kowa ya ce to, sannan ya tambaye ta ko rigar mai ƙyalli tata ce ko aro ta yi. Mai askin layin ya kama hannun rigar ya ce shi lallai a ba shi matsayin wanda ya ji rauni, don tun yana yaro ake ce masa ya iya faɗuwa. Gwaggonta, wadda ke zaune da mahaifin Auta a hawa na ƙarshe tun rasuwar matarsa, ta saurara da kyau, tana ta kallon kayan ɗakin ɗaya bayan ɗaya, kallon da bai kwanta wa Auta a rai ba.

Baba kuwa, tsohon direban bas, yana kujerarsa ta bakin taga, bai ma bari ta ƙarasa ba.

"Ke za ki koya mini kwashe mutane? Tun ba a haife ki ba nake kwashe su safe da yamma."

"Baba, saukowa kawai za ka yi."

"Na ji."

Ranar atisaye da hantsi jiniya ta yi kuka. Mutane suka fito kamar yadda aka ce, sai dai ba wanda ya nufi makaranta. Tsayawa suka yi a tsakiyar titi suna kallon jiniyar, wasu na gardama a kan ko ta fi ta motar asibiti ƙara. Auta ta ɗaga lasifika ta ce a wuce, wata tsohuwa ta ce, "Kai, ji muryar Auta ta girma." Mai aski ya shafe goshinsa da jan fenti, ya zaɓi ƙofar benensu Auta, wadda ita kaɗai ce hanyar fita, ya baje a bakinta yana nishi, har sai tsallake shi ake yi. A bayansa ga Gwaggo ta toshe matakala da keken ɗinki, da katifa a naɗe, da agogon bango a hammata.

"Gwaggo, abin da ba za ki iya rayuwa ba sai da shi na ce."

"To su ne. Firij ɗin ma don ba mai kama mini ne."

Auta ta saci kallon mai horarwa, tana jiran ya haɗa kayansa ya koma lardi ya ce a sauke ta. Sai ta gan shi ya karɓi agogon daga hannun Gwaggo yana tambayarta ko yana tafiya daidai. Gwaggo, da ta ji ana ta cewa lardi, lardi, ta ɗauka sunansa ke nan.

"Allah ya yi maka albarka, Malam Lardi. Kama mini katifar ma."

Da ƙyar aka kora jama'a suka doshi makaranta. Auta ta duba fuskoki, ba ta ga Baba ba. Ta haye benen a fusace, tana shirya maganar da za ta gaya masa a gaban kowa, uba ko ba uba ba.

Ta same shi a kujerarsa.

"Ba inda za ni," ya ce tun kafin ta buɗe baki. "Wasan yara ne. Ruwan ma da za a ce ya zo, sai ya gaji kafin ya iso nan."

Ta buɗe baki, sai idonta ya sauka ƙasa. Ya sa takalminsa na fita, ya ɗaure igiyar tsaf. A gefen ƙafarsa ga ƙaramar jaka, magungunansa da tocila suna leƙowa, daidai yadda ta koyar. Duk layin shi kaɗai ya yi abin da ta ce. Sandarsa kuma tana yashe can bakin matakala, inda alama ya kai ya juyo. Ta yi ƙoƙarin tuna ranar da ta ga Baba a ƙasa, ta kasa. Kullum ta zo a zaune take samunsa, Gwaggo ke cefane, shi kuma yana cewa gari ya lalace, ba abin gani.

"Gwiwar ce?" ta tambaya a hankali.

"Gwiwata lafiyarta ƙalau. Matakalar ce aka gina ba daidai ba."

Mai horarwa ya iso yana haki, ma'aikatan kashe gobara biyu na biye da shi da gadon ɗaukar marasa lafiya. Baba ya kalli gadon sama da ƙasa.

"Ku fitar mini da makarar nan. Da raina ba zan hau ta ba."

Mai horarwa ya kalli takalmin, ya kalli sandar. Ya aika a ɗauko wata kujera mai ɗamara da hannaye daga motar lardi, sannan ya juya ga Baba.

"Baba, taimako muke nema. Kujerar nan sabuwa ce, ba mu taɓa gwada ta a bene mai kwana irin wannan ba. Yaran nan ƙarfi gare su, amma ba su san kwana ba."

Baba ya dubi samarin biyu kamar masu neman aikin kwandasta.

"Daga ganinsu ba su sani ba," ya ce, ya miƙa hannu a tashe shi.

Tun daga hawa na ƙarshe ake jin muryarsa. "Sannu-sannu. Buɗe kwanar, kai na gaba. Na baya, taka birki. Wa ya ba ku lasisi?" Da suka fito ƙofa, jakarsa a cinya, mutanen da aka sha wahalar kaiwa makaranta duk suka dawo kallo, har da tafi. Baba ya ɗaga musu hannu ɗaya, fuska a ɗaure. Mai aski, da ya ga an manta da shi, ya tashi ya kakkaɓe wandonsa ya ce shi tun farko da an gaya masa akwai kujera da karaya ya zaɓa.

A zauren makaranta Auta ta matsa kusa da mai horarwa, ta ce ya yi haƙuri, abin ya watse.

"Gara ya watse yau da rana tana haskawa," ya ce. Ya karɓi lasifikar ya tambayi jama'a ko akwai wanda ya bar wani a sama. Can mai shagon magani ya ɗaga hannu, ya ce mahaifiyarsa. Wata ta ce mijinta, tun da aka yi masa aiki. Hannaye suka yi ta tashi, Auta na kallo, mutanen da ta sani tun tana rarrafe, ba ta taɓa lura sun daina saukowa ba.

Kafin wata ya ƙare lardi ya aiko wa garin kujerun, Auta ta koya wa matasan kowane bene yadda ake ɗauka. Ta kuma kai Baba asibiti, suna faɗa tun daga gida har gaban likita.

Wata safiya mai horarwa ya bugo mata waya. Ya ce za su yi atisaye a garin da ke gaba da su, kuma masu aikin ceto na can ba su taɓa haɗuwa da tsoho mai taurin kai na gaske ba, ko Baba zai yarda a ara shi?

Ta kai masa saƙon tana dariya. Baba bai yi dariya ba. Ya ce a gaya wa Malam Lardi zai duba, amma a gaban mota zai zauna, kuma in direban lardin ya yi masa tuƙin banza, a hanya zai sauke shi.