Wayar da Baba Zai Yi Magana da Ita

Hutun mako uku aka ba Injiniya a wurin aiki, ta cinye kwana goma sha ɗaya ba ta rubuta ko layi ɗaya ba. Ba ƙiwa ba ce. Wayar da za ta yi wa aikin ce ta rasa.

Baba ne ya laƙaba mata sunan, tun ranar da ta kwance masa rediyo tana 'yar shekara tara ta kasa mayarwa. Yanzu ga shi zaune a falo cikin kujera mai hannu, shanyewar ɓarin jiki ta tafi da hannunsa na dama, ta haɗa da maganarsa. Mutumin da in ya fara labari sai shayi ya huce a kofi, yau ko ruwa da ido yake nema. Shi ya sa ta ƙudura za ta rubuta masa manhaja mai manyan hotuna: ya taɓa kofi, waya ta ce ruwa, ya taɓa gado, ta ce zan kwanta. Aikin mako guda ne a hannunta, amma fa na waya iri ɗaya. In hutun ya ƙare ba ta gama ba, Baba zai ci gaba da nuni da ido har wata shekarar.

"iPhone za ki yi wa," in ji Yaya, babban wansu, ya dire kwali a kan teburinta. "Na riga na saya masa. Mahaifinmu ne fa, ba za a ba shi abin da kowa ke riƙewa ba."

Yana fita Auta ta leƙo, ko rigar aikinta ta asibiti ba ta cire ba.

"Rabu da Yaya, son a sani ne kawai. Android kowa ke riƙewa a gidan nan. In waccan ta rikice wa zai duba? Shi da sai ƙarshen wata muke ganin ƙeyarsa?"

Washegari ita ma ta kawo tata sabuwa, don kada a bar ta a baya.

Injiniya ta kira abokin aikinta ko zai raba gardama. Ya ce ai akwai hanyar da za ta rubuta guda ɗaya ta hau duka biyun. Ta ce ba ta iya ba. Ya ce cikin mako biyu za ta koya. Ta yi masa godiya, ta kashe waya, zaɓi ya koma uku.

Sai ta yi abin da 'yan sana'arta ke yi in kansu ya kulle: ta ja layi a takarda ta manna a ƙofar kabad. Faɗin allo, ƙarfin sauti, daɗewar caji. Ta karanta miliyan nawa ke riƙe da wannan, miliyan nawa ke riƙe da waccan, kai ka ce miliyoyin nan ne za su nemi ruwa a falonsu. Da safe ta tsayar da ɗaya, kafin rana ta raba ta koma ɗayar. Abinci ya yi ta hucewa a bakin ƙofa.

Wani lokacin takan jiyo muryar Baba ta bango, tsohuwar muryarsa mai ƙarfi. Ta san Mama ce ke sauraron saƙonnin da ya riƙa tura mata yana lafiya. Abin yana sosa mata rai, sai ta tashi ta tura ƙofa, wai kada ta shiga tsakanin Mama da kewarta.

Rana ta goma sha biyu ta gaji. Ta jera wayoyin biyu a kan faranti ta kai falo, ta durƙusa.

"Baba, wacce ta fi maka? Ka taɓa ɗaya kawai, don Allah. Ni dai kaina ya ɗaure."

Ya dubi ta dama, ya dubi ta hagu, ya dube ta. Sai ya sa bayan hannunsa ya ture farantin.

"To ko duka biyun ne? Ko babu? Mama, me yake nufi?"

Mama tana ninke wanki, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Baba ya cusa hannun hagu ƙarƙashin matashin kujera ya zaro wayar Mama, tsohuwar Android mai tsagaggen gilashi da aka ɗaure da roba don kada murfin ya faɗi. Ya kwantar da ita a cinyarsa. Babban yatsansa ya yi ta jan allon a hankali, ya wuce saƙo, ya wuce wani, ya tsaya daidai bakin tsagar ya danna.

"Wai ita Injiniyar taki ta ci abinci kuwa?" in ji muryar Baba, garau, da ƙarar motoci a bayanta. "Ki ce ta bar na'urar nan ta fito mu gan ta."

Injiniya ta zauna daɓas a ƙasa.

"Mama, tun yaushe?"

"Yau kwana tara. Ruwa, magani, a rage fanka, duk ya san inda suke. Shekara shida ban goge ko ɗaya ba, shi ya sa kullum wayar take kukan ta cika." Ta ajiye rigar da ke hannunta. "Wannan kuwa kullum sai ya kunna miki shi. Sai mu ji kin rufe ƙofa."

Kunya ta rufe ta, kuka ya biyo baya. Ga wayar, ga muryar mai ita, hotuna kawai suka rage ta ɗora a kai, tana kuma da sauran kwana tara. Ta miƙe da sauri za ta ɗauko kwamfuta.

Baba ya buga hannun kujera. Ya nuna mata farantin abincinta da ke kan tebur a rufe tun safe, ya sake danna saƙon.