Hucin Kadiri

Shekara uku ina ɗaukar kiɗan Kadiri a ɗan sutudiyona da ke bayan tashar Matameye. Kullum waya nake soka wa jitarsa, sautin ya shiga na'ura kai tsaye. Ban taɓa faɗa masa dalili ba: in yana kaɗawa, huci yake yi kamar bijimin sa, zobensa kuma yana ƙwanƙwasar jikin jitar.

Sai ga shi a wani biki a Kance, a gaban jama'a, yana cewa wai ni Illa ba ni da kunne, na mai da jitarsa gwangwani, manyan makaɗa mikiro, abin ɗaukar sauti, ake kafa musu.

Da ya dawo ya ce, "Yau mikiro nake so."

Na ce, "An gama, maigida."

Na ɗauko wanda ko motsin ƙuda ba ya wuce shi, na kafa tsakanin hancinsa da zoben. Ya kaɗa, na ɗauka, ban goge komai ba. Don ɗoki, bai ko saurara ba ya tura wa rabin gari a waya.

Yanzu in ya biyo ta tasha, direbobi ba sa gaishe shi. Huci kawai suke masa, sau biyu, daidai inda amshi ke shiga.