Jinjirin Watan Abu Riyad

Kafin kowa a Sidni ya ɗaga kai, Abu Riyad ya riga ya ga watan Sallah. Ranar Alhamis ce, rana ta faɗi ke nan, yana tsaye a saman benen ajiye motoci da ke bayan kasuwar Lakemba da dabino a bakinsa. Siriri ne kamar yankan farce, ya leƙo tsakanin gajimare biyu. Ya daki kafaɗar surukinsa Wasim ya ce ya duba, amma kafin Wasim ya ɗauke idonsa daga kan waya gajimaren sun haɗe.

Wasim ɗin nan kuwa shi ne sakataren kwamitin masallacinsu, kuma ba duban wata ya kawo shi ba, matarsa Hanadi ce ta matsa masa ya raka mahaifinta. Kwamiti sun daɗe da gamawa da batun wata. Sun bi lissafin masana taurari, sun tsayar da Asabar, sun karɓo izinin filin wasa daga ƙaramar hukuma, har sun gayyato wata 'yar takara mai neman ƙuri'un unguwar ta zo filin Idi ta gaisa da jama'a. Sai ga wata ya fito bai nemi izinin kowa ba.

Abu Riyad bai taɓa zama a aji ba, kuma bai ga abin da ya rasa ba. Da idon nan yake gane akuyarsa a kan dutsen da ke tsallaken kwari, can Akkar ta ƙasar Labanan. Da shi ya hango jirgin yaƙi tun ba a ji ƙararsa ba, ya kwashe iyalinsa zuwa gonar zaitun, bam ya rushe gidansu babu ko kaza a ciki. Wani harin ya bar masa guntun ƙarfe a cinya, duk filin jirgin da ya bi sai na'urarsu ta yi ta kuka. Irin wannan idon za a ce waya ta fi?

Ya tasa Wasim gaba sai masallaci. An idar da magariba, mutane sun jeru suna cin gurasa da miya. Ya tsallake ƙafafu ya tsaya a gaban liman, Shehi Nadim, yaron da ya ci naman sunansa a nan bayan layi. Ya ce gobe Sallah. Cokula suka tsaya.

Wasim ya matso yana magana ƙasa-ƙasa. Ya ce filin ba nasu ba ne sai Asabar, mutane sun nemi hutun aiki na Asabar, 'yar takarar nan kuma ta yi alkawarin tsaya musu a ƙara wa Musulmi wuri a maƙabarta, wadda ta kusa cika.

"Baba, wurin nan fa irinku ne za su fara amfana da shi."

"Au, kabari kake yi mini tanadi? Bama-bamai sun neme ni sun rasa, sai kai da ko rago ba ka taɓa kayarwa ba?"

Shehi Nadim ya zaunar da shi da girmamawa. Ya ce watan Sallah sai da shaidu biyu, ya juya ga Wasim. Wasim ya rantse gajimare kawai ya gani. Abu Riyad ya ce gajimaren ma a waya ya gan shi, aka yi dariya, ya ji jama'a sun fara dawowa wajensa. Sai Shehin ya roƙe shi ya nuna yadda watan ya tsaya.

Wannan ai da sauƙi. Ya yago gefen gurasa, ya ɗaga shi sama kowa ya gani, bayansa na kallon dama, ƙahonninsa na kallon hagu, yadda ya san jinjirin wata tun yana bin awaki.

Shehin ya nuna gurasar da yatsa.

"Alhaji, a Akkar ne yake tsayawa haka. A nan kudancin duniya bayansa hagu yake kallo."

Abu Riyad ya dubi gurasar. Tun da ya zo ƙasar nan, magaribarsa a masana'antar gilashi take samunsa, daga baya kuma a cikin tasi. Sallah ta waya take zuwar masa daga wajen wansa a Tarabulus ta Labanan, har wan ya rasu. Yaushe ya tsaya ya lura da inda wata yake kallo? Amma ya gani, wallahi ya gani. Hannu ne ya bi tsohuwar hanyarsa, ina ruwan ido? Ya juya gurasar hagu, ya mayar da ita dama, duk ta rikice masa. Ya jefa ta baki.

"Ƙasar da ake sanyi a Yuli ake zufa a Janairu," in ji shi yana tauna, "ashe har wata sun juya."

Wannan karon ba a yi dariya ba. Shehin ya rako shi har wajen takalma, ya ce masa a kunne idan zuciyarsa ta tabbata, akwai malaman da suka yarda ya ajiye azumi gobe, amma a ɓoye, kada a raba kan jama'a. Abu Riyad ya ce abin da ya gani a saman bene ba zai ci shi a ƙarƙashin gado ba.

Da safe Hanadi ta yi ta roƙonsa kada ya fita har ta gaji. Ya sa kwat ɗinsa na Sallah da farar hula, ya fesa turare, ya fito da kujera bakin titi, daidai ƙarƙashin hoton 'yar takarar da aka manna a jikin falwaya. Ya ajiye gahawa da farantin ma'amul, biskit ɗin Sallah mai dabino a ciki, a kan ɗan tebur. Duk wanda ya wuce sai ya yi masa barka da Sallah. Masu azumi suka riƙa amsawa da sallama suna kau da kai. Mutum ɗaya ce ta mayar masa da fara'a, wata tsohuwar Baturiya mai yawo da karenta, ta ɗauki ma'amul ta wuce.

Wajen lokacin Juma'a Hanadi ta fito. Kofin na nan cike, ya huce, ƙuda na zagaya farantin. Ban da wanda Baturiyar ta ɗauka, ko ɗaya ba a gutsura ba. Ta dubi mahaifinta, ta tambaya a hankali ko ta ɗumama masa. Ya ce ta bar shi, mutum da gahawarsa yana sha sa'ad da ya ga dama.

Wasim ya fito da makullin mota yana ta sauri. Abu Riyad ya tare shi da sanda.

"Ka gaya wa Malam, da kwamitinku, da mai neman ƙuri'a. Yau da magariba ina saman benen nan. Duk wanda ya ce ƙarya na yi ya hau ya same ni, ya ga girman watan da idonsa, sannan ya dube ni ya ce wannan ɗan kwana ɗaya ne."