Mijin Delu na Sifaniya

Delu ta yi shekara ashirin da biyu tana karɓar haihuwa a likitar Gidan Sori, wato asibitin garin, kuma babu jaririn da bai sha tsiyarta ba tun kafin a yanke masa cibiya. Amma jikanta Jamilu ya kai shekara shida ba ta taɓa tsokanarsa ko sau ɗaya ba. Abin nan ya daɗe yana ci mata tuwo a ƙwarya.

Uban yaron, Tahiru, yana Sifaniya yana aikin gonar tumatir, can ya auri wata 'yar ƙasar mai suna Pilar. Yaro ya tashi ba Hausa, ba Faransanci. Duk Lahadi da la'asar sukan kira ta a salula, ana ganin juna, Tahiru ne tafinta. To ga inda gizo ke saƙa: Tahiru ɗan fari ne. Delu ko sunansa ba ta faɗa, balle ta buɗe baki ta ce ya gaya wa jika "mijina". Sai gaisuwa kawai, ina karatun lakol, Allah ya yi albarka. Yaro ya gaji da wannan tsohuwa mai magana kamar sanarwar rediyo, ya fara ɓuya in an kira. Delu ta ji ciwo ƙwarai. Ta ga in ta yi sake, yaron zai girma bai san yana da kaka ba.

Ba ta yi shawara da kowa ba. Ta hau mota zuwa Maraɗi, ta sayo ɗan littafin koyon Sifaniyanci da wani kati mai leda, an jera sauye-sauyen kalmomi gaba da baya. Faransancinta na lakol ya yi mata rana, don da shi aka yi bayanin littafin. Kati ya samu gida a lalitarta. Tana jiran mai naƙuda tana bita, tana tankaɗe tana bita: na ci, ka ci, mun ci, za mu ci. Akuyoyinta ma sun sha karatu.

Maƙwabciyarta Kadi ta leƙo ta katanga ta ce, "Delu, da tsuhwanki za ki koma lakol?"

"Ni da na jawo ɗiya ta ƙahwa suka rayu, harshen Nasara na zai gagare ni?" in ji Delu.

Bayan wata biyar, wata Lahadi ta hau tudun da ke bayan gidanta inda rezon salula ya fi ƙarfi. Da kira ya shigo, ta kau da kai ta ce wa Tahiru, "A ba yaron salula, a matsa gehe." Da ƙyar aka lallaso Jamilu. Delu ta gyara murya ta zuba masa Sifaniyanci: "Kai mijina! Raggo, mai kunnen zomo! Damina ta sauka ba ka zo ka yi mini noma ba. Zan sake miji!"

Yaro ya fahimci komai, kuma nan matsalar take. Sai ya fashe da kuka. Pilar ta fizge salular, fuska ja wur, tana tambayar me ɗanta ya yi da za a zage shi. Tahiru ya fara kame-kame.

Delu ko gezau. Ta ɗan saci kallon katinta, ta jera kalmomi ɗaya bayan ɗaya kamar mai aza tubali: "A garinmu kaka matar jika ce ta wasa. Baƙo ake yi wa ladabi. Naka shi kake tsokana. Ki ce masa ya rama."

Pilar ta sunkuya ta yi wa yaron raɗa. Jamilu ya share majina, ya matso da fuska ya ƙare wa kakarsa kallo.

"Ke ma haƙoranki uku ne," ya ce. "Kuma akuyar da ke bayanki ta fi ki kyau."

Tahiru ya saki salati. Delu kuwa ta yi dariya har ɗankwalinta ya faɗi, hawaye na zuba, ba ta ko share su ba, don daɗi ya kashe ta.

Yaro ya ƙwace salula ya ruga ɗakinsa ya turo ƙofa, ya shiga surutu kamar an kunce famfo. Cikin kalma biyar ɗaya Delu ke kamawa, ta ishe ta. Sharji na gab da ƙarewa ya tsuke fuska ya tambaye ta wane ne wannan sabon mijin da za ta aura, don shi dai bai yarda ba.