Sunan Marisol a Rahoton Tiyata

Asibitinmu na Toledo irin wanda ake yi wa mutum tiyata da safe ne ya kwana a gidansa. Ni aikina in tura wa kamfanonin inshora takardar neman biya. Su kuwa ƙa'idarsu ba ta lanƙwasuwa: in rahoton tiyata bai ambaci mataimakin likita da abin da ya yi ba, to a wurinsu bai shiga ɗakin ba.

Likita Pruitt, gwanin gyaran gwiwa, da baki yake rahotonsa, na'ura na rubutawa, shi yana tauna biskit. "Na yanka, na gyara, na ɗinke." Shi ke nan! Marisol, mataimakiyarsa da ke riƙe masa kyamarar leƙa cikin gwiwa ta kuma ɗinke fata, ko tarinta babu a ciki. Inshora ta yi ta ƙin biyan aikinta, har manajan asibitin ya ce in aka sake ƙi, Marisol ta nemi wani wurin. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ita kaɗai ke riƙe da mahaifiyarta.

Na tare Likita Pruitt wajen shan kofi.

"Likita, don girman Allah, hannu nawa gare ka?"

"Biyu mana, Lorraine."

"To sauran biyun da ke cikin gwiwar mutane, na aljanu ne? Ka riƙa faɗin sunanta!"

Kunnuwansa suka yi ja, ya yi ta ba ni haƙuri. Mutumin kirki ne fa, sai dai ba ya yin abu rabi da rabi. Rahoton da ya biyo baya: Marisol ta gyara wa majiyyaci kwanciya, Marisol ta riƙe, Marisol ta yi ɗinkin da bai taɓa ganin irinsa ba. Yabo kamar mai neman aure! Shi kansa kuwa bai ce ya taɓa ko almakashi ba. Murnar ganin sunanta ta rufe min ido, na tura.

Amsa ta dawo. Kuɗin aikin Marisol an amince a biya, manaja ma ya ce ta yi zamanta. Na likita an ƙi, wai babu shaidar ya yi aikin.

Ya faɗo ofishina ko hular tiyata bai cire ba.

"Ni? Ni da na tsaya har ƙafata ta kumbura, wani can bisa kujera zai ce ba na nan? Wannan ai cin fuska ne!"

Ina ta cije leɓe kada dariya ta ƙwace min. Marisol ta leƙo, da kwanon abincinta a hannu.

"Sannu, Likita," in ji ta a hankali. "Akwai ciwo, ko? Ni tun da na zo wurin nan ba na nan."

Sai ya jawo mata kujera, ya ce ta zauna su gyara rahoton tare.